Sawun Saniya a Garken Bulama

Gwange, Maiduguri.

Zuwa ga Yaya Mikail,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da aiki, da zaman Ikko. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a bakin ruwan nan. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Kaka ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida, Mu'mina kuma ta fara tafiya, sai ɓarna. Na rubuto ne maimakon waya, don wayar Baba ce, kuma ba zan iya faɗin wannan magana a gabansa ba.

Maganar bijiminka ce, Bulama. Mutanen kamfanin da ka haɗa mu da su sun zo, masu ɗibar irin bijimai suna sa wa shanu a wasu garuruwa. Mace ce babbarsu, likitar dabbobi, sunanta Dakta Peace. Ta zagaya shi da igiyar awo irin ta tela, ta duba haƙoransa da kofatansa, ta auna har inda nake jin kunyar rubutawa, sannan ta ɗebi jininsa. Da ta ce tana son ganin 'ya'yansa, Baba ya zaga da ita gidajen unguwa, duk inda aka shiga sai ga jan maraƙi mai faɗin baya. Ta ce irin naman da suke nema ke nan. Amma ta kafa sharaɗi: kada wata saniya ta kusance shi sai sun dawo sun sake gwada jini, domin cuta tana bin barbara, kuma bijimi ɗaya mai cuta zai iya ɓata garken mutane da yawa. Baba ya amsa da to.

Da farko su na zarga. Kaka ta ce ba ta yarda da mutanen da ke zuba iri a tsinke su daskarar da shi a tulun ƙarfe ba, wai za su tatse shi su dawo mana da fata. Ni ma na ƙi barin direbansu ya tsaya kusa da turke shi kaɗai. Amma yanzu ba su nake tsoro ba, Yaya. Ka san Baba ya riga ya ce in kamfani bai karɓe shi ba, sai Kasuwar Shanu, don dusa da harawa sun fi ƙarfinmu. Tun ranar Kawu Tahir, da dillancinsa na shanu, bai daina zuwa ba. Mutumin da sai Sallah muke ganinsa, yanzu kullum yana zaure. Ya shiga garke ya bubbuga cinyar Bulama yana dariya, ya ce mini 'yar makiyaya, kar in shaƙu da naman tukunyar miya. Ban ji daɗi ba.

Ranar Asabar na dawo daga Islamiyya na je ba shi ruwa, sai na ga ƙananan sawu a ƙasa, ba nasa ba. Igiyarsa ma an ɗaure ta da wani ƙulli da ba nawa ba. Na tambayi Mama, ta ce in je in wanke tukunya. Washegari a wajen famfo na ji matan layi suna cewa saniyar Hajja Gana ta samu shiga wajen Bulama. Ka san yadda abin yake a nan: maƙwabci ba ya kawo saniya a ce masa a'a, ba a kuma karɓar komai. Balle Hajja Gana, wadda ta ba mu ɗaki lokacin da muka gudo daga Mafa. Ban ga laifin Baba sosai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, matan sun ce Kawu Tahir ne ya riƙo igiyar saniyar tun daga gidanta. Hajja Gana ba ta ma san da sharaɗin ba, shi kuwa yana zaune aka faɗa. Wataƙila taimako ya yi, Allah ya sani, ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Jiya Dakta Peace ta dawo. Kafin ta buɗe jakarta ta tambaya ko wata saniya ta shigo. Baba ya ce babu, Kawu ya ƙara da rantsuwa. Sai ta juyo wajena, tunda ni ke ba shi abinci, ta ce, "Muhsinat, ke fa?" Wallahi Yaya bakina ya ƙi buɗuwa. Ba zan iya ƙaryata Baba a gaban baƙi ba, ba zan kuma iya cewa babu ba, tunda in jini ya nuna wani abu bayan an yi mata ƙarya, shi ke nan. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa. Ta daɗe tana jira, sannan ta rufe jakar. Ta gane, amma ba ta yi faɗa ba. Ta ce za a fara lissafin kwanakin jira daga farko, za ta kuma gwada saniyar da ta shigo, amma wannan ce dama ta ƙarshe.

Yau Baba bai amsa gaisuwata da suna ba kamar yadda ya saba. Kawu kuwa na ji yana gaya wa Malam Sa'id mai kanti cewa ai Bulama yana nan, ya kawo tasa saniyar. Ni ba zan iya tare ƙofa ba, Baba kuma ba zai iya kallon idon maƙwabci ya hana ba. Amma bijimin naka ne. Don Allah ka kira Baba ranar da wannan takarda ta same ka, ka ce kai ka hana, da kakkausar murya, yadda zai iya cewa mutane ba daga shi ba ne, mai abu ne ya ƙi. In sun ji haushi, su ji naka, kana nesa. Kada ka ce ni na gaya maka.

Kaka tana gaishe ka, da Mama, da Ba'ana. Ka gaida Anti Falmata da yara. Kafin ka kira, na mayar da wankina da karatuna bakin garke, ina sa ido.

Ƙanwarka,
Muhsinat