Kwaɗon da Aka Sa wa Famfon Gidan Zaki

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Karɓar Mulki,
Shiyyar Jibiya, Jihar Katsina.

Daga:
Talatu Hezekiah,
Shugabar Matan Gidan Zaki, Mazaɓar Kusa.

4 ga Mayu, 2015.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RUFE MANA RIJIYAR BURTSATSE SABODA ZAƁEN GWAMNA

Bayan gaisuwar girmamawa da taya jam'iyyarku murnar nasara, ina gabatar da koken matan ƙauyenmu, na coci da na masallaci.

1. Ranar 14 ga Afrilu, Malam Kalilu, jagoran matasan jam'iyyarku a yankinmu, ya zo da mutanensa a kan babura, ya ɗaure famfonmu da sarƙa da kwaɗo. Hujjarsa ita ce akwatinmu bai ba ku rinjaye ba, don haka mu nemi ruwa wurin waɗanda muka zaɓa. Ni na yanke wa Kalilun nan cibiya.

2. Tun ranar, cikin wannan zafin bazara, muke tsallaka iyaka zuwa wata rijiya a ƙasar Nijar. Mutanen can ba su taɓa tambayarmu jam'iyya ba. Ranar 27 ga Afrilu, Sakinatu matar Abbas ta faɗi da jarka a hanyar dawowa, da tsohon ciki. Mun binne jaririn a bayan gari. Ita tana kwance har yanzu.

3. An aiko mana cewa za a buɗe idan muka taru a dandali, kowacce ta rantse da littafin addininta cewa ta tuba. Muna sanar da kai a rubuce cewa ba mu yi laifin da za mu tuba ba. Cikinmu akwai waɗanda suka zaɓe ku, amma mun yi shawara ba za mu nuna su ba. Tare za a ba mu ruwa.

Don haka muna roƙon ka ba da umarni a cire kwaɗon kafin Lahadi, 10 ga Mayu, a kuma kira Kalilu ya yi bayani a gaban mijin Sakinatu. Idan ranar ta wuce, za mu fasa shi da hantsi, a idon jama'a. Ni zan riƙe gudumar, kada a wahala wajen neman wadda za a kama.

Allah ya ja zamaninka, ya ba sabon gwamna ikon riƙe mu duka.

Taka cikin ladabi,

Talatu Hezekiah
A madadin matan Gidan Zaki