Rajistar Sunan Shafina, da Ta'aziyyar da Aka Zo Yi Ina Raye

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya yi mini rajistar sunan shafina na intanet,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, har da wanda ya tsara fom ɗinku na rajista.

Yallaɓai, ni tsohuwar malamar firamare ce a Dutse. Da na yi ritaya sai na kama sana'ar man shanu. Ina saro shi a hannun matan rugage na wajen Kiyawa, in soya, in zuba a kwalabe, in aika Kano da Abuja. Masu saye suka dame ni da tambayar shafi, shi ya kawo ni wurinku. Na rubuto a fili ne domin sau uku ina aiko ƙorafi ofishinku, sau uku ana amsa mini cewa kun ji daɗin jin ta bakina.

Na ɗaya. A ƙasan fom ɗin akwai ɗan akwati mai cewa rajistar sirri, ƙarin naira dubu shida a shekara. Turanci ba ya ba ni wahala, da shi na ci abinci. Amma babu layi ɗaya da ya ce sirrin mene ne. Na duba sana'ata ban ga abin ɓoyewa ba, sai na tsallake. Da aka nemi adireshi na ɗauka takardar shaida za ku aiko, don haka na kyautata: unguwa, layi, gida na biyu bayan injin markaɗe. Na sa lambar wayar da nake riƙe da ita tun maigidana yana raye.

Na biyu. Kwana uku tsakani aka fara kira. Wani daga ƙasar da ban gane ba yana so ya mai da shafina na ɗaya a duniya. Wata za ta gyara mini shafin da ba a gama ginawa ba. Wani ya ce rajistata ta ƙare, in biya yau ko in rasa sunan, alhali satinta biyu. Kowannensu ya san cikakken sunana. Da na bincika sai na gano akwai kundi a buɗe a intanet, duk mai so zai rubuta sunan shafi ya ga mai shi, da lambarsa, da inda yake kwana. Na rubuta nawa. Ga injin markaɗen nan, duniya na kallo.

Na uku. Wata Laraba da hantsi maza biyu suka yi sallama, suna neman "Hajiya mai kamfani". Ni kaɗai ce a gidan. Daga bayan ƙofa na tambayi abin da ke tafe da su, suka ce ciniki. Ba su tambayi kuɗin kwalba ba. Abin da suka tambaya shi ne ko akwai namiji a ciki. Na ce akwai, yana wanka. Allah Ya yafe mini, Ya jiƙan Malam maigidana. Suka juya, suka hau babur. Ban ce ɓarayi ba ne, ban san ko su wane ne ba. Na dai san a ranar na kulle gidana na koma gidan ƙanena, na yi wata biyu ina suyar mai a madafar matarsa.

Na huɗu. Washegari na biya dubu shidan. Cikin awa guda kuka ɓoye bayanan, na yaba. Kira bai ragu ba. Ma'aikacinku ya yi mini bayani cikin ladabi cewa waɗanda suka kwafa sun riga sun kwafa. Wato na sayi faifai bayan nono ya zube. Dole na yar da layin na sayi sabo.

Nan ne ya fi yi mini ciwo. Matan da ke kawo mini mai ba sa ajiye lamba a waya, a ka suke riƙe ta. Babbarsu, Dada Hansatu, ta haura saba'in, shekara takwas muna hulɗa. Ta yi ta kira tana ji a kashe. Ta zo gida ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Ta tambayi mai markaɗe, ya ce mata, "Ai Malama ta koma." Gidan ƙanena yake nufi. Hausar Dada ba ta nuna sosai ba, ta ƙarasa maganar yadda aka saba ƙarasa ta, ta nemi kwatancen gidan dangina.

Bayan kwana uku mata bakwai suka sauka daga adaidaita sahu biyu da ƙwaryar gero ta sadaka. Ni na buɗe musu ƙofa. Dada ta zube ƙasa, ta riƙe ƙafata tana kuka, ta daɗe ba ta saki ba. Da ta samu baki sai ta ce, "Malama, ko mutuwa za ki yi, ki bar wayar a kunne." Geron sun ƙi komawa da shi.

To Yallaɓai, in ana tambaya ko rajistar sirri ta cancanci kuɗinta, ga amsar wadda ta gwada duka biyu. Mai ofis da maigadi ba ya buƙatarta. Tana kuma da nata aibin: wani mai saye a Abuja ya duba bai ga sunana ba, sai da na aika masa kwalba kafin ya yarda akwai ni. Amma wanda shagonsa shi ne ɗakin kwanansa, ya biya, kuma ya biya ranar farko. Rana ta biyu an makara.

Roƙona uku ne. Ku rubuta a gefen akwatin, da Hausa ma, cewa wanda ya tsallake, adireshin gidansa zai fita duniya. Ku ɓoye bayanan duk wanda ba kamfani ba tun daga farko, mai son a gan shi ya nema da kansa. In kuɗin ya zama dole, ku haɗa shi cikin farashi, ba za mu yi faɗa ba.

Na koma gidana. Sabuwar lambar kuwa, Dada ta haddace shida daga cikin goma sha ɗaya, muna sa ran ta sauke kafin damina.

Allah Ya yi wa kasuwarka albarka, Ya tsare iyalinka, Ya rufa maka asiri kyauta, ba dubu shida a shekara ba.

Wassalam.

Malama Hauwa'u mai man shanu,
Dutse.