Mutumin da Na Gani a Gonar Shayi

Anti Bashira, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da Hausata, a Jidda aka haife ni, a unguwar Nuzla, Larabci ya fi zama a bakina.

Mu uku Ummanmu ta haifa: ni, ƙanwata Sajida, da autanmu Muntaka. Mu mata aure ya gyara mana takardu. Shi kuwa iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu bayan rasuwar babanmu, ya ci gaba da dakon bandiran yadi a kasuwar Bab Makka har ranar da aka kama shi aka mayar da shi Kano. Mayarwa dai ake cewa, amma yaron nan bai taɓa taka ƙasar ba, Hausar ma ji kawai yake yi. Ya yi ta kiranmu, daga baya ya ce ya samu hanyar Turkiyya, daga can zai tsallaka ruwa. Tun daga wannan kiran shiru. Shekaru ke nan, mun yi cigiya har mun gaji.

Bana da zafi ya tsananta, maigidana Hashim ya sa sunanmu a irin yawon buɗe idon nan na rukuni, zuwa arewacin Turkiyya. Babbar bas guda cike da iyalai 'yan Jidda. Teku a hagu, duwatsu kore shar a dama, gajimare na saukowa har kan titi. Mata ana ta miƙa gahawa da dabino, yara na waƙa. Wallahi na manta rabon da in yi dariya kamar haka.

Ranar da za mu hau dutse ganin wani tafki, hanyar siririya ce, tana ta murɗewa cikin gonakin shayi. A wata kwana direba ya rage gudu sosai. Ina jikin taga. Sai ga baƙaƙen maza uku a gangare, goye da buhunan ganye. Na tsakiyar ya cire hula zai share gumi. Anti, da ɗan furfura a gaban kai aka haifi Muntaka, kamar an barbaɗa masa gari, kafaɗarsa ta hagu kuma dako ya saukar da ita. Wannan mutumin yana da duka biyun. Ya ɗago ya dubi bas ɗin, idonsa ya tsaya a tagata, ko dai ni na ga haka. Ina cikin niƙabi, gilashin kuma mai duhu ne.

Na yi ta bugun gilashi ina kiran sunansa, ina roƙon a tsaya. Jagoranmu ya ce babu wurin tsayawa, motoci na biye da mu, gefe kuma rami ne. Gaskiya ya faɗa. Kafin mu samu fili gajimare ya rufe komai, da za mu sauko kuma wata hanyar aka bi. Sauran kwanakin ban san me na gani ba. A ce yalla, maza a sauka a yi hoto, ni idona na kan gangare.

Hashim lokacin yana ɗaya gefen yana ɗaukar hoton kwari, bai ga kowa ba. Ya ce waswasi ne, halas, wato shi ke nan, in bar maganar.

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Umma ta yi shekaru tana ajiye wa Muntaka abinci. Sai a azumin bara ta haƙura, ta yi masa sadaka, ta rabar da kayansa, hawan jininta ya sauka. Tsarabar da na kawo mata shayin can ne, tun ranar farko na saye shi. Shi take dafawa kullum da safe, tana cewa ba ta taɓa shan mai ƙamshinsa ba. In ta miƙo mini kofi sai in karɓa ina tuna buhunan ganyen nan. Bab Makka ma na daina zuwa, duk ɗan dakon da ya ba ni baya shi nake gani.

In faɗa mata? In ba shi ba ne, na fama mata mikin da da ƙyar ya warke. In shi ne kuma na yi shiru har ta cika, ina zan sa kaina? In yana raye ma, me ya hana shi kiranmu?

'Yar Nuzla, daga Jidda

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yata. Hausarki lafiya lau, na ji ki sarai.

Ba zan ce miki shi ne ba, ba kuma zan ce waswasi ne ba. Idon da ya daɗe yana nema yakan ga abin da yake so, nan Hashim yana da gaskiya. Amma alama biyu a jikin mutum ɗaya, a ƙasar da Muntaka ya ce zai je, ba a rufe wannan da kalmar halas.

Kada ki faɗa wa Umma yanzu. Abin da ke hannunki zato ne, jikinta kuma ba zai ɗauki hawa da saukar zato ba. Wannan ba ɓoyewa ba ne, jira ne har ki samu abin faɗa. In ta lura ta tambaye ki kai tsaye, kada ki yi mata ƙarya. Sajida kuwa ki faɗa mata a yau. Ƙaninta ne ita ma, kayan nan kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Sai nema. Hoton da Hashim ya ɗauka a wurin zai nuna lokaci, wataƙila har da wurin. Ki sa shi a gaba cikin lalama, ku tuntuɓi jagoran nan, ya san hanyar da ƙauyukanta. Ku tura masa hoton Muntaka ya kai wa limamin yankin da masu gonaki, domin baƙo ba ya ɓuya a ƙauye. Ku haɗa da lambar waya da saƙo gajere: Umma tana raye, babu mai fushi da kai. Masu tafiya da yawa kunyar rashin samu ce take rufe musu baki. Kada ku jinkirta, masu aikin gona da kaka suke tafiya. Ku kuma kai sunansa ƙungiyoyin agaji masu neman waɗanda suka ɓata.

Ki shirya wa kowace amsa. In aka ce ba shi ba ne, kin fita haƙƙin zumunci, ki ci gaba da yi masa addu'a. In ganin nan ya ci gaba da bin ki, ki ga likita, ba abin kunya ba ne.

Allah Ya bayyana Muntaka in yana raye, Ya jiƙansa in ya riga mu. Ya ƙara wa Umma lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.

Anti Bashira