Dutsen Zango na Arba'in da Ɗaya

Lahadi, 2 ga Maris

An liƙa makin aikin taswirar duwatsu. Kesang Lama 86. Ni 68. Sau uku na koma gaban allon, ko mai buga takarda ya juya lambobin.

Shekara biyu ina kan gaba a ajin nan a duk jarrabawar rubutu. Yau ta wuce ni da maki uku a jimilla. Gurbin digiri na uku ɗaya tak Farfesa Dhungana yake da shi bana, kuma na wanda ya zo na ɗaya ne. Kesang fa! Wadda ke ɓare lemo a bencin baya ana lacca, wadda gudumata ta fasa dutse ta ara ta yi makon farko a daji.

Litinin, 3 ga Maris

Na je wurin Farfesa. Ya shimfiɗa taswirata da tata gefe da gefe. Tawa tsaf, launi bai hau kan launi ba. Tata har da shatin kofin shayi.

Ya ɗora yatsa a kan babbar lanƙwasar duwatsun da na zana, wadda na ɓata kwana huɗu a kanta. "Kyakkyawa ce, Nirajan. Saura a samo ta a ƙasa."

Wai dutsen da na auna karkatarsa a zango na 41 cikin wuraren da muka tsaya awo, wanda girmansa ya kai gida mai hawa biyu, ba a nan ya tsiro ba. Zaftarewar ƙasa ce ta gangaro da shi tun da daɗewa, ya zauna a juye, itatuwa suka fito a kansa. Ni kuma a kan awon nan guda na gina rabin taswirata. Ita ta rubuta "baƙon dutse" ta wuce abinta.

Laraba, 5 ga Maris

Kesang ta yi wa 'yan aji momo, ƙullin fulawa mai nama a ciki, a kantin abinci. Ina shiga wani ya ce, "A ba da hanya, ga mai lanƙwasa tsaunuka!" Aka kwashe da dariya. Ita kuwa sai miƙo faranti: "Yaya Nirajan, zo ka ci tun da zafi, miyar ta yi yaji yadda kake so." Na ce na ƙoshi. Ban ci komai ba tun safe.

Kishi nake ji, bari in rubuta shi da sunansa. Har dariyarta nake jin haushi.

Asabar, 8 ga Maris

Na duba ƙa'idar sashe. Aikin taswira na ɗalibi ne shi kaɗai, ba taimakon kowa. To ai ba ita ta gano asalin dutsen ba. Wata tsohuwa mai kiwon awaki ce ta same mu a gindin dutsen, suka shiga hira da yaren Tamang, wanda kaf ajinmu Kesang kaɗai ke ji. Ni da na tashi a Kathmandu, wa zai ba ni labari? Idan wannan ba taimako ba ne, mene ne?

Talata, 11 ga Maris

Na miƙa ƙorafi, shafi biyu. Rubutun ya yi kyau.

Lahadi, 16 ga Maris

An cire sunanta daga allo, an karɓi littafinta na daji. Sakatare ya ce in ya tabbata, za a soke makin, ta sake aikin baɗi. Ban san abin zai kai haka ba. Ko dai na sani.

Mun haɗu da Kesang a matakala. Idanunta sun kumbura, amma ta haɗa tafuka ta gaishe ni kamar kullum. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Talata, 18 ga Maris

Akwai abin da ban sa a ƙorafin ba, ban ma sa a nan ba.

Bayan tsohuwar ta kora awakinta, Kesang ta juyo ta ce, "Yaya, Inna ta ce a zamanin kakarta dutsen nan ya faɗo, ya danne gona da garke. Mu hau sama mu duba." Ina riƙe da kamfas, abin awon karkata, a jikin dutsen. Na ce, "Ni ba na cika littafina da tatsuniyar masu awaki." Ta hau ita kaɗai, ta dawo da yamma ƙaya ta yage mata wando. Na yi mata dariya har da riƙe ciki.

Jibi kwamiti zai zauna.

Alhamis, 20 ga Maris

Mutum uku a tebur. Dakta Tuladhar, mai jarrabawa daga waje, tsohuwa ce 'yar firit, ita ta yi tambayoyin. Kesang na gefe, hannu a cinya.

Dakta ta ce, "Ɗana, abu ɗaya nake son ji. Abin da matar nan ta faɗa, Kesang kaɗai ya isa wa?"

Da na ce i, shi ke nan. Kesang ba ta ɗago kai ba. Na tuna Baba ya riga ya gaya wa abokan shan shayinsa cewa ɗansa zai zama dakta.

Na ce, "A'a. Ta fassara mini. Ni na ƙi."

Farfesa ya cire tabarau ya shiga gogewa. Dakta ta yi ɗan rubutu, ta ce tambayar mutanen wuri aiki ne kamar buga guduma, muddin ɗalibi ya bi ya tabbatar da kansa, kuma Kesang ta auna duwatsu tara a sama kafin ta yarda da tsohuwar. Tara. Ni ɗaya.

Ba don ita na yi ba. Ban dai iya ƙarya a gaban tsofaffi ba ne.

Litinin, 24 ga Maris

An mayar da sunanta. Gurbin nata ne. Da na gaya wa Baba, shinkafa kawai ya ƙara.

Na ce ta ara mini littafinta na daji, in ga ko akwai kurakuran da suka tsallake. Ta ciro daga jaka nan take, ko tambaya babu.

Laraba, 26 ga Maris

Kuskure biyu na samu, duk na lissafin tsayi, ƙanana. Rubutun kuwa kamar kaza ta bi ta kai. Har yanzu ina ganin 86 ya yi yawa. 83 dai.

Zango na 41, ƙasan shafi, da fensir: "Na faɗa wa Yaya Nirajan, bai yarda ba. Zan sake faɗa masa a sansani, kada ya rasa maki."

Ta sake faɗa mini ɗin kuwa a ranar, muna layin abinci. Na ce ta bar ni in ci da kwanciyar hankali.

A gefen wannan rubutun nata akwai alamar jan biro irin na Dakta Tuladhar. Wato shafin nan yana buɗe a gabanta lokacin da take tambayata. Na zauna a bakin gado har shayina ya huce.

Gobe zan mayar mata da littafin. Akwai wurare shida da ban gane yadda ta yi ba, na sa musu takarda. In ta samu lokaci, ta nuna mini.