Na'urar Auna Hanta da Ba Ta Ganin Masu Ƙiba

Zuwa ga Shugaban asibitin da aka tura mu a Kano,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Daga Sabon Garin Wudil nake rubuto maka a kan yayata Hadiza da muka rasa bana, da 'yarta Ummi da ke hannuna, wadda nake tsoron kada ta bi ta.

Na farko. Yaya mace ce mai jiki sosai. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce, a gidan biki har tsokanar mijinta ake yi wai ya iya kiwo. Da gajiya ta dame ta, likitanmu na nan ya ce kitse ne ya taru a hantarta. Ya tura mu wurinku domin kuna da na'urar da ake ɗorawa a haƙarƙari ta auna taurin hanta, babu allura, babu yanka.

Na biyu. Ma'aikaciyarku ta gwada, ta sake gwadawa, na'ura ta ƙi nuna komai. Sai ta faɗa mana gaskiya, wai kan na'urar da ake ɗorawa a haƙarƙarin na marasa jiki ne, akwai babba na masu ƙiba amma ba a saya ba. Ranka ya daɗe, ciwon nan masu ƙiba ya fi kamawa. To wa kuka saya wa na'urar?

Aka ce sai dai a soka doguwar allura a ciro ɗan naman hanta. Yaya da ko allurar zazzaɓi sai an riƙe ta. Ta ɗauki mayafinta ta ce za ta jira babban kan ya iso. Muka yi ta sintiri, kullum sai a ce mana yana hanya. Ranar da ta yi aman jini aka ce hantar ta riga ta ƙame. Na san kwana ne ya ƙare, amma wallahi zuciyata ta kasa hucewa.

Na uku. Ummi jikin uwarta ta ɗauko, kuma gwajin jininta ya fara nuna abin da na uwar ya nuna.

Ina roƙonka ku sayo wannan kan. In babu hali, ku faɗa wa mutane tun farko su nemi wani wuri, ku daina cewa yana hanya. Na yi wa Ummi alkawari za a duba ta ba tare da an soke ta ba. Don Allah kada ka bari in zama maƙaryaciya a idon marainiya.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da naka daga irin wannan jira.

Wassalam.
Rabi, ƙanwar marigayiya.