Injin Yaya Jibril da Allunan Rufina

Asabar, 3 ga Maris, 2018

An ɗora su yau. Allunan sola biyu a kan rufin kwano, batir a kusurwar ɗaki. Maigida Abdussalami ya aiko da su daga Jidda, mai haɗawa ya zo daga Makwar. Da azahar fanka ta juya. Ban taɓa ganin fanka na juyawa da rana a ƙauyen nan ba. Na zauna gabanta kamar wata yarinya.

Ban gaya wa Yaya Jibril ba. Na yi niyya, wallahi. Wayar gwamnati ba ta iso mu ba, injinsa ne ke ba gidaje kahraba, wato wutar lantarki, daga magariba zuwa bayan isha, tun rasuwar Baba. Da shi ya aurar da ni.

Juma'a, 9 ga Maris

Ya zo bayan masallaci. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon rufi. Na kawo ruwan sanyi daga sabuwar tallaja, firjin nan, ya sha, ya ce, "Mabruk, Rabi'atu. Abin ya yi kyau." Sai ya nemi tsani ya kwance wayarsa da kansa, ya naɗe ta a hannu. Na ce ya bar ta, zan ci gaba da biya. Ya ce, "Ni ba sadaka nika nema ba, ƙanwata."

Da ma faɗa ya yi.

Talata, 17 ga Afrilu

Babu jaz, man injin, ko'ina. Yaya ya wuni a layi a Mai Wurno ya dawo da jarka ba komai. Ƙauye duhu, gidana kaɗai ke da haske. Na saki labule don kada a gani daga hanya.

Alhamis, 24 ga Mayu

Azumi da zafi irin wannan, amma muna buɗe baki da ƙanƙara. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ciwon kan da nake yi duk bazara ya tafi.

Mata na ta shigowa kallo. Nawa ne, ina ake samu, yana ɗaukar talabijin? Ina amsawa, har da lambar mutumin Makwar nake bayarwa. Sai da suka fita na tuna duk a kan wayar Yaya suke.

Juma'a, 15 ga Yuni

Sallah. Na je gaisuwa gidan Yaya. Matarsa Hadizatu ta ba ni shayi, ta koma madafa ba ta sake fitowa ba. Mu da muke raba sirri tun muna 'yan mata.

Laraba, 11 ga Yuli

Iska mai ƙura jiya, hadari yau. Allunan sun yi butu-butu, batir ya mutu tun kafin magariba, naman da ke tallaja ya yi wari na zubar. Na hau tsani da tsumma na goge su. Mai haɗawa ya ce a waya batir ba ya daɗewa, wata rana sai an sake. Bai faɗi wannan ba ranar da ya zo.

Daga sama na hango rufin gidaje da dama suna ƙyalli. Duk manyan gidajen da ke riƙe da injin ne. Waɗanda suka rage ba su isa su saya masa jaz ba.

Lahadi, 2 ga Satumba

Yaya ya kashe injin. Ashe ƙararsa ce ke gaya min magariba ta yi.

Lahadi, 14 ga Oktoba

Ya sayar da injin ga wani mai lambu a bakin kogi. Gobe zai tafi Gadarif yankan riɗi, mutum mai furfura, cikin samari.

Na same shi yana ɗaure kaya. Na ce, "Yaya, ni na jawo." Ya ce, "A'a. Ko ba ke ba wani zai fara. Abin da ya yi min ciwo, a bakin mai shago na ji." Na ce ya zauna, Abdussalami zai aiko da alluna ya riƙa sayarwa. Ya yi 'yar dariya. "Ki kula da Hadizatu," kawai ya ce.

Na kira Abdussalami ina kuka. Ya ce, "To me kike so, a sauke su?" Ba na so a sauke.

Litinin, 19 ga Nuwamba

Na aika wa Hadizatu fitilar caji. Ta dawo da ita, wai ta acibalbal ta ishe su. Yaya ya bugo mata, ya ce aikin da sauƙi. Wani da ya dawo daga can ya ce bayansa na damunsa, a tsaye yake cin abinci.

Asabar, 8 ga Disamba

Gidajen da ba su iya sayen alluna ba, yanzu nan suke kawo wayoyinsu caji. Da farko kyauta. Sai wata ta ajiye ɗan abu a kan tabarma, ban mayar ba. Yanzu kowa na ajiyewa. Maƙwabciyata ta roƙi a ja mata waya ta kan katanga, ƙwan fitila ɗaya kawai, don 'ya'yanta na jarrabawa. An ja.

Jiya na ce wa Abdussalami ya ƙaro allo biyu da babban batir. Ya ce, "Sana'a za ki buɗe?" Na ce a'a, taimako ne.

Yau da safe wasu gidaje biyu sun aiko tambaya. Na ce su bari kayan su iso.