Muryar da Ka Ɗauko a Affala

Zuwa ga Maigida Shipkau, sarkin barkwancin Adar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar bara ga ubangidansa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama. Ni ne Arzika makaɗinka, wanda ka shekara ashirin da bakwai kana cewa kalanguna ya fi ni hankali. Wata bakwai ke nan da munka kai ka makwancinka, kuma akwai maganar da ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Sana'arka ɗaukar muryar mutane ce. Ka zauna kasuwa yini guda kana saurare, gobe ka tsaya a fili ka zama mai gari, ka zama mahauci, har mai muryar ya faɗi ƙasa don dariya. Da jam'iyyu sunka fito, wane ɗan takara ne ba ka yi ba a Tawa? Amma dokarka guda ce: ba a ɗaukar muryar mamaci. Duk garin da munka sauka, kafin in taɓa kalangu sai ka je wurin liman ka tambaya, "Wa ya rasu tun zuwanmu na bara?"

Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, munka fita yawon wasa. A garuruwan Kalfu da Barmu, mutane ba hatsi a rumbu amma suna dariya har da hawaye. Hanyar Affala sojoji sunka tsare motarmu tun hantsi, sai bayan la'asar munka isa, fili ya cika ana jira. Ka nufi gidan liman, ni na ja maka riga. Ni ne, Maigida. Na ce rana za ta faɗi, wa zai mutu a ɗan garin nan ba mu ji ba?

Ka fara da muryar Agali mai gishiri, mutumin garin da kowa ke so. Ka ɗan duƙa, ka yi tarinsa sau biyu, ka kira matarsa yadda yake yi: "Tamu, ina shayin?"

Ba wanda ya yi dariya. Na buga kalangu, sautin ya fita shi kaɗai, na ji kunya na bari. Can ƙofar wani gida ta buɗe, wata mata ta fito cikin kayan takaba, da butar shayi da ɗan kofi guda. Mutane sunka dare mata hanya. Ta durƙusa gabanka, ta zuba, ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ka daɗe a hanya."

Ashe kwana ashirin ke nan da ƴan bindiga sunka tare motar su Agali a hanyar arewa, aka kawo gawarsa.

Ka karɓa ka shanye. Wallahi na ji haushinka ran nan, har Tawa ina faɗa, me ya kai ka shan shayin mamaci?  Ba ka sake tsayawa fili ba kuma, tarin nan sau biyu ne kawai ya biyo ka gida. Likita ya ce ƙirji ne. To, ƙirji ne. Amma ni na san tarin wa nake ji shekara biyu a zaurenka.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Inna Hajo matarka, tun da ta fita takabarka, take roƙona. Ta san babu wanda ya iya muryarka kamar ni. Ta ce in kira ta sau ɗaya kawai, yadda kake yi in ka dawo daga tafiya. Na ce mata a'a, doka doka ce. Sau uku tana roƙo, sau uku ina ƙi.

Jiya da hantsi na je gaishe ta. Na tsaya a zaure zan yi sallama, da niyyar in yi da bakina, da muryata. Abin da ya fito shi ne, "Hajo, ko an tashi daga gidan nan?" Har da ƴar dariyar nan taka ta ƙarshe. Ban shirya ba, Allah shi ne shaidata. 

Ta fito da fura a ƙwaryarka, wadda ba a taɓa ba tun rasuwarka. Ta aje gabana, fuskarta a sake kamar ta amarya, ba ta dube ni ba.

Maigida, na sha. Sai da ƙwaryar ke bakina na gane abin da ya sa ka sha shayin Affala. Ba a ture hannun mace irin wannan. Ka yafe mini faɗan da na yi maka, ka yafe mini rigar da na ja.

Yau da safe na yi tari sau biyu. Wataƙila sanyi ne.

Allah ya jiƙanka, ya jiƙan Agali, ya sanyaya zuciyar Hajo da Tamu. Ya bar kowa da muryar da ya ba shi, in ta yi shiru ta huta.

Naka har kullum,
Arzika mai kalangu, Tawa